Rahmatu a Ɗakin Taki

Ranar wata Talata da rana tsaka motar haya ta tsaya a ƙofar bayan gidan Malam Basharu, maƙwabcina a nan Gwandu. Ina tsaye bisa turmi ina shanya ganyen kuka a kan katanga. Wanda ya ce leƙe nake yi, shi da Allah. Shekarar sanƙarau ce, ta casa'in da shida, bazara ta kai inda ko kare ba ya iya haushi.

Mutum biyu suka fito daga motar. Hussaina, ɗiyar Malam da ke karatu a jami'a a Sakkwato, ta rame har ɗankwali ya yi mata yawa. Sai Rahmatu, ƙanwar Malam, wadda aka tura jinyarta sati biyar da suka wuce. Hannu ɗaya ta tallabe yarinyar, ɗayan kuma yana riƙe da risho. Rahmatu mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa, tana zaune gidan wanta. Ita ake turawa duk inda ake buƙatar hannu: wankan jego, zaman asibiti, dakan biki.

Fatsuma, matar Malam, ta rungume ɗiyarta tana kuka, ta ja ta ciki. Rahmatu ta ɗaga ƙafa za ta bi su, sai Malam ya ɗaga hannu.

"Dakata nan, Rahmatu."

"Lafiya, Yaya?"

"Ita wagga likita ya sallame ta. Ga takarda, ga hatimi." Ya buɗe takardar ya nuna mata kamar za ta karanta. "Ke ina taki?"

"Ni ai ban kwanta ba, Yaya. Wa zai ba ni takarda?"

"To kin gani. Ba mu san abin da kika kwaso ba."

Malam tsohon akawu ne. Abin da ba a rubuta ba, a wurinsa bai faru ba.

A bayan gidan akwai ɗakin da yake ajiye takin zamani kafin damina. Rufin kwano ne, ba taga, ƙofar langa-langa. Aka matsar da buhuna gefe, aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye buta da tulu da wani tsohon bokiti. Malam ya ce kwana bakwai kawai, don a samu natsuwa. Rahmatu ta tsaya a bakin ƙofar ta dubi rufin, ta dubi bangon.

"Yaya, malaman asibiti cewa suka yi a riƙa kwana inda iska ke shiga."

"Su suka gina gidan?"

Ta shiga. Ya maida ƙofa ya sa kwaɗo.

Bangon ɗakin takin nan shi ne bangon garken awakina. Akwai wata kafa a ƙasa da ɓera ya fara. Ni na ƙarasa ta da muciya, tun kafin la'asar.

"Rahmatu! Ni ce, Kulu."

"Inna Kulu? Ashe ba ki mutu ba."

"Ina zan mutu ban ji labarin Sakkwato ba? Matso."

Kwana huɗun farko lafiyarta lau. Da safe Fatsuma kan buɗe ƙofa kaɗan, ta tura kwanon fura da doguwar gora, ta janyo bokiti da gorar, ta rufe. Ni kuwa in jawo kujerata bakin kafa, akuya na cin bakin zanena, Rahmatu na ba ni labari.

Ta ce lokacin da ta isa hostal ɗin mata, rabin ɗakunan a rufe suke. Masu hali an zo an kwashe nasu. Saura waɗanda garinsu ya yi nisa, da waɗanda ke da mara lafiya a ɗaki suka kasa tafiya su bar ta. Masu sayar da abinci a bakin ƙofa sun daina zuwa. Ta samu Hussaina an riga an kai ta asibiti, tana kwance ƙarƙashin dogon yaro saboda gado ya ƙare. Abokan ɗakinta biyu ke gadinta, Asma'u 'yar Kalgo da Ladi 'yar Zuru, su ma rabonsu da abinci mai zafi kwana uku.

"Yara ne, Inna. Ki gan su da manyan littattafai, amma yara ne. Kowacce ta ƙulle ɗan garin rogonta a loka tana ci a ɓoye, tana kuka."

Ta bi ɗaki ɗaki ta ce kowa ta fito da abin da ya rage mata. Wannan gari, wannan shinkafa tiya ɗaya, wannan manja, wannan daddawa da barkono. Ta haɗa risho uku a baranda ta ɗora tukunya guda. Mutum goma sha ɗaya suka ci ranar farko, kafin sati sun kai ashirin. Ta ɓamɓare kwalayen da suka toshe tagogi da su saboda sauro. Ta sa suka fito da katifu waje. Ta raba masu aiki, masu ɗebo ruwa, masu wanki, masu kai koko asibiti. Kowace safiya sai ta jera su, ta ce kowacce ta sunkuyar da kai haɓa ta taɓa ƙirji, kamar yadda ta ga nas tana yi. Wadda tata ta ƙi kaiwa, ba a jira, sai asibiti.

"Allura ɗaya ce, Inna, mai kauri kamar man gyaɗa. In an yi da wuri, kwana biyu mutum ya nemi tuwo. Haka na kama Ladi. Tana gardama wai filo ne ya murɗe mata wuya. Na ce filon gidanku, na goya ta."

"Kika goya arniya?" Na faɗa don in tsokane ta.

"Ki ji tsoron Allah, Inna. Ita ke tashina sallar asuba."

Ɗaya ce ta kuɓuce masu, wata 'yar Yawuri. Kafin iyayenta su iso rana ta yi zafi, Rahmatu ta yi mata wanka ita da wata mai shara. Ta faɗi wannan ba ta canja murya ba, ta ci gaba da ba ni labarin yadda 'yan jami'a ba su san tuƙa tuwo ba. Duk hostal ɗin Goggo suke kiranta. Na tambaye ta ko an yi mata rigakafi. Ta ce ranar da masu allurar suka zo tana asibiti tana riƙe wa Hussaina ledar ƙarin ruwa, da ta komo sun tashi.

A cikin gida kuwa an yanka rago. Mata na ta shigowa barka da arziƙi. Ina zaune cikinsu ina cin hanta wata ta ce, "Ina Rahmatu? A yi mata sannu da jinya."

Fatsuma ba ta ko ƙifta ido ba. "Ta wuce Kalgo. Ta raka wata ƙawar Hussaina, Asma'u, iyayen suka riƙe ta."

Hussaina na kwance a kan katifa kusa da uwarta. Ta rufe ido. Da yamma na kai wa Rahmatu labarin a bakin kafa.

Dalilin ƙaryar na san shi, domin da hannuna a ciki. Malam da Fatsuma sun biya kujerar Makka a shekarar, karo na farko, jirginsu saura kwana kaɗan. Ni kuma na ji a wurin wani suna ana cewa duk gidan da aka samu mai sanƙarau za a soke sunan maniyyacin gidan. Ba wanda ya ga inda aka rubuta haka. Na ɗauko zancen da zafinsa, na ƙara masa gishiri, na kawo wa Fatsuma tun kafin su Hussaina su dawo. Bayan haka akwai farin yadi nawa a cikin akwatinta, likkafanina, wanda ta yi alkawarin tsomo mani a ruwan zamzam. Shekara huɗu ina neman wanda zai kai mani shi.

Rana ta biyar na kira a bakin kafa, sai da na kira sau uku.

"Kaina ke sara, Inna."

"Warin taki ne."

"Awo, ƙila."

Da la'asar ta kira ni da kanta. Muryarta a kwance, kamar mai faɗin farashin gero.

"Inna Kulu, haɓata ba ta kai ƙirji."

Na matsa kunnena bakin kafa.

"Na gwada sau biyar. Ki ce wa Yaya a kai ni a yi mani allurar. Yau, kafin malamin asibiti ya tashi."

Daga ƙofar Malam zuwa asibitin garin nan, ni tsohuwa ina zuwa ba tare da na zauna hutu a hanya ba. Na zagaya na same shi a zaure yana jera takardun tafiya a cikin wata jakar fata, yana fiddawa yana sake jerawa. Na faɗa masa. Bai tambaye ni yadda aka yi na sani ba.

"Gajiya ce, Inna. Sati biyar tana kwana a ƙasa, dole wuya ya sage."

"Basharu, ita ta san ciwon nan fiye da ni da kai."

"Don ta zauna da 'yan jami'a ta zama likita? Ga ƙwayar ciwon kai, za a kai mata. Zan sa a yi mata rubutu."

"In shi ne fa?"

"In shi ne, Allah ke da magani. In ba shi ba ne kuma, na kai ta an rubuta sunan gidana a banza. Shekara talatin ina tara wa tafiyar nan. Kwana nawa ya rage? Jirgi na tashi, Lawali ƙanena zai kai ta duk inda take so."

Na koma wurin Fatsuma a kicin. Ta riƙe hannuna.

"Wallahi Inna ba wanda ya kai mu son Rahmatu. Ita ta yaye mani yarana duka. Amma ki duba, in aka fito da ita yanzu, matan da na ce wa tana Kalgo fa? Kuma kayanki na cikin akwati, na sa shi a sama don kada in manta."

Na koma gida na ce wa Rahmatu an ce gobe.

"To," ta ce.

Rana ta shida aka tura mata rubutu da ƙwaya biyu da gora. Ta sha, ta amayar. Kwanon rufin nan da hantsi ba a iya taɓa shi. Na riƙa jiƙa tsumma ina cusa mata ta kafa, tana ɗorawa a goshi, tana miƙo mani shi da ɗumi. Ta ce hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana sokar mata ido, ta toshe da buhu. Da haka ɗan iskan da ke shiga ya ƙare.

Rana ta bakwai, ranar da ya ce zai buɗe, na ji takunsa ya zo bakin ƙofar. Bai taɓa kwaɗon ba.

"Rahmatu, ya jiki?"

"Yaya, allura ɗaya ce."

"Ki yi haƙuri. Ke mai haƙuri ce tun kina ƙarama. Zan yi maki addu'a a gaban Ka'aba, da sunanki zan fara."

"Allura ɗaya ce, Yaya. Ba sai ka je ba, Inna Kulu ta raka ni. In ce daga Kalgo nake."

"Za su tambayi gidan da kika sauka."

Ya tafi. A ranar na ga Hussaina ta fito bayan gida tana dafa bango. Ta tsaya nesa da ƙofar, ta ce a hankali, "Goggo." Rahmatu ta ji ta.

"Ke, koma ciki. Kin ci abinci?"

"Goggo, Baba ya hana ni..."

"Na ce kin ci abinci?"

"Na ci."

"To koma inuwa."

Na sa mayafina har sau biyu zan tafi asibiti in faɗa masu da bakina. Sau ɗaya na kai har bakin rijiya na juyo. Ni da ba a yin sirri a unguwar nan ya kwana a cikina, ni da na taɓa raba auren mutum da magana uku a gidan biki, wannan karon bakina ya mutu. Na ce wa kaina maganar gidan mutane ce. Na ce ƙila gajiyar ce da gaske. Gaskiyar ita ce yadin nan nake tunani.

Rana ta takwas ta daina amsa sunanta daidai. In na kira sai ta ce, "Ladi, sauke tukunyar, ta ƙone." Ko ta ce, "Ku jeru, ku jeru, kowa ta sunkuya." Fura na komowa kamar yadda aka tura ta. Fatsuma ta janyo kwanon da gora, ta leƙa, ta ce, "Ai ta ɗan taɓa," ta zuba wa kaji.

Rana ta tara da hantsi rediyo ya faɗi cewa Saudiyya ta hana alhazan Najeriya shiga a bana saboda annobar. Duk maniyyata, mai sanƙarau a gida da wanda babu. Na ji kukan Fatsuma ta saman katanga. Ko takalmi ban sa ba na zagaya.

Malam na zaune a zaure, jakar fata a kan cinyarsa, rediyon na ta magana shi kaɗai.

"To Basharu, tafiya ta fasu. Kawo mabuɗi."

Ya kashe rediyon.

"Inna, mi zan ce wa mutane?"

"Ka ce ƙanwarka ba ta da lafiya."

"Duk garin nan an san tana Kalgo. Liman da kansa ya tambaye ni, na ce tana Kalgo. Yanzu in fito da ita daga ɗakin taki?" Ya shafa gemu. "Ga yadda za a yi. Zan aika wa Lawali ya samo mota. A ɗauke ta ta ƙofar baya, a fita da ita hanyar Kambaza, a juyo a shigo gari, kamar yanzu aka kawo ta. Sai a wuce asibiti kai tsaye. Kowa ya huta."

"Yaushe?"

"Motar ta tafi Jega kai albasa. Gobe, in sha Allahu."

Ya ce gobe kamar yadda yake cewa a ofis. Na koma bakin kafa. Ban ji magana ba, sai numfashi.

Washegari motar ba ta zo ba. Waɗanda suka zo 'yan mata biyu ne, da hantsi, ɗaya da hijabi ɗauke da kwandon busasshen kifi, ɗaya doguwa da gyale da jaka a kafaɗa. Ina tsakar gidan lokacin, na zo sake tambayar mota. Suka yi sallama suka durƙusa suka gaida Fatsuma. Ba ta taɓa ganinsu ba.

"Mama, wurin Goggo muka zo. 'Yan hostal suka haɗa mata ɗan tsaraba, suka ce mu kawo."

Fatsuma ta gyara ɗaurin zane. "Ayya, kun yi saɓani. Rahmatu na Kalgo. Ta raka wata Asma'u, har yau ba su sako ta ba."

Mai hijabin ta ajiye kwandon a ƙasa.

"Mama, ni ce Asma'u. Daga Kalgo muke. A tashar Sakkwato muka rabu da Goggo."

Kaza ta zo tana leƙen kifin. Doguwar, Ladi ke nan, ta bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kaina. Ban san abin da ta gani ba. Na ɗaga haɓa na nuna mata lungun bayan gida. Iyakar jarumtar da na yi a cikin kwana goma ke nan.

Suka nufi can. Fatsuma na bin su tana cewa, "Ku tsaya ku ji, ku tsaya Malam ya zo." Ladi ta ga kwaɗon, ta waiwaya ta ɗauki taɓarya a jikin turmi. Kafin ta ɗaga, Hussaina ta fito daga ɗakin ubanta, ta miƙa mata mabuɗi. Ba ta dubi uwarta ba.

Warin da ya fito daga ɗakin ba zan rubuta shi ba. Rahmatu na kwance a gefe ɗaya tsakanin buhuna, kanta ya lanƙwashe baya, idanunta a buɗe ba ta kallon kowa. Leɓɓanta sun tsage. Asma'u ta durƙusa ta sa hannu a ƙeyarta ta gwada ɗagawa, jikin duka ya taso kamar itace.

Malam ya iso yana gyara hula. "Ku su wa? Wa ya ba ku izinin shiga gidana? An riga an shirya mota."

Ladi ta cire gyalenta ta rufa wa Rahmatu fuska saboda rana. "Baba, matsa."

Ya matsa.

Amalanken mai ruwa suka tare a ƙofar gida, suka sauke jarkokinsa. Ta ƙofar gaba aka fito da ita, rana tsaka, ana dawowa daga kasuwa. 'Yan mata uku na turawa, har da Hussaina da ko tsayuwa ba ta iya yi sosai, ni ina biye da buta. Maza a majalisa suka miƙe. Wata ta leƙo ta ce, "Ba Rahmatu ba ce? Yaushe ta komo?" Muka wuce.

Malamin asibiti ya duba ta, ya fasa kwalbar allura. Kauri gare ta kuwa, sai da ya danna da ƙarfi. Tun daga shigarmu har ya zare allurar bai kai lokacin dafa shayi ba.

"Kwana nawa da farawa?"

'Yan matan suka dube ni.

"Shida," na ce.

Ya dube ni, ya ci gaba da rubutu.

Ba ta mutu ba. Asma'u da Ladi suka yi kwana tara a gindin gadonta, ɗaya ta kwanta ɗaya ta tashi. Ranar da ta buɗe ido ta gane mutane, na matso na ce, "Rahmatu, ashe ke ma ba ki mutu ba." Ta kalli bakina. Na sake faɗa da ƙarfi. Nas ta zo ta tafa hannu a bayan kunnenta na dama, ta tafa a na hagu. Rahmatu na ta kallon bango. Nas ɗin ta ce ciwon kan tafi da ji in ya daɗe a jiki, kuma ba ya maidowa.

Da aka sallame ta Asma'u ba ta tambayi kowa ba. Ta sa ta a mota zuwa gidan iyayenta a Kalgo.

Bayan babbar sallah maganar ta ishi Malam. A masallaci ana gaishe shi a taƙaice. Ya ce za su je su ɗauko ta, ya roƙe ni in raka su don ni babba ce. Na bi su, da cinyar rago a cikin ƙwarya.

Gidan masunta ne, hayaƙin banda ko'ina. Mun same ta zaune a tsakar gida ƙarƙashin rumfa tana jera kifi a kan waya. Ta yi baƙi, ta rame, in ta tashi sai ta dafa wani abu. Ta gan mu, ta goge hannu, ta durƙusa wa wanta kamar kullum. Mahaifin Asma'u ya sa aka shimfiɗa tabarma, shi da matarsa suka zauna gefe.

Malam ya gyara murya ya fara. Ya yi bayanin yadda annobar ta rikita kowa. Ya ce keɓe mai jinya ai hukuma ma ta yarda da shi. Ya ce ba a bar ta da yunwa ba ko rana ɗaya, Fatsuma shaida ce. Ya ce an ba ta magani, an yi mata rubutu, kuma mota tana hanya aka yi gaggawa. Ya ce da ya san shi ne da gaske, da ko kujera goma ce zai bari. Ya ce komai rubutacce ne. Fatsuma ta karɓa tana share hawaye, ta ce ɗakin Rahmatu na nan an share, an yi masa sabon daɓe, yara na ta tambayarta, gidan ya yi mata yawa ita kaɗai.

Sun fi rabin awa. Rahmatu na kallon bakinsu, in sun tsaya ta gyaɗa kai. Da suka gama, ta juya wurin Asma'u, ta yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

"An buɗe makarantar?"

Asma'u ta ɗaga yatsu biyu, saura sati biyu.

"Ki ce wa Hussaina kada su maida kwalin nan a taga."

Ta koma kan kifinta.

Malam ya ce wa Asma'u ta nuna mata da hannu cewa ta haɗa kaya. Asma'u ta taɓa kafaɗarta, ta nuna mu, ta nuna hanya. Rahmatu ta dubi hanyar. Ta girgiza kai sau ɗaya, ba fushi, kamar an miƙa mata goro ta ce ta ƙoshi. Mahaifin Asma'u ya ce, "Malam, ka bar ta. Mu ba ta yi mana nauyi ba."

Kafin mu tashi na matsa kusa da ita. Ina da labarai cike da baki, na wata biyu, da kuma wata magana tawa da nake son ta ji. Na fara. Ta kalle ni, ta yi ɗan murmushi, ta zaɓi kifi mai kyau ta sa mani a hannu. Na karɓa.

Muka shiga mota, muka yi ta tafiya har muka wuce Birnin Kebbi. Can Malam ya waiwayo daga gidan gaba.

"Inna, ke dai kin ji da kunnenki. Na yi mata bayani, na ba ta haƙuri, ita ta ƙi biyo mu. In mutane sun tambaya, ki shaida."

Na ce zan shaida.

To ga shaidar, da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci, tunda shi sai abin da aka rubuta yake yarda da shi. Rahmatu ta ciyar da 'ya'yan mutane ashirin a hostal, ta dawo masa da ɗiyarsa da rai. Ya rufe ta kwana goma a ɗakin taki, shida daga ciki tana roƙon allura ɗaya. Fatsuma ta riƙe gora. Hussaina ta san inda mabuɗi yake tun ranar farko. Ni Kulu ina bakin kafa, na ji komai, da ƙafafuna biyu da mayafina.

Bayanin da ya yi mata kuwa, na shaida ya yi shi, mai tsawo, ba inda ya yi tuntuɓe. Ni da Fatsuma da masuntan Kalgo duk mun ji. Rahmatu ce kaɗai ba ta ji ba.